FILIN MATA: Ɗa Namiji Da Maganin Ƙwari

Maganar da na kawo muku a makon nan tana da nauyin faɗi, irin wadda a kan yi da murya ƙasa-ƙasa, in ma an yi ta. Amma da ya ke filin nan namu ne, mu ne kuwa masu wanka da shafa da goyo, ban ga wanda ya fi mu cancantar saninta ba. Ku kuma 'yammata 'yan makaranta, kada kunya ta sa ku juya shafi. Gobe ku ne iyaye, waɗansunku ma ku ne ungozomomi da likitocin da za a kawo wa yaran.

Maganar ita ce ta yaron da a kan haifa 'ya'yan marainansa ba su sauko cikin jakarsu ba, ko ɗaya ko duka biyu, da kuma zargin da masana su ke yi wa magungunan ƙwari da waɗansu sinadarai da suka cika mana gidaje da gonaki.

Bari mu fara da yadda Allah ya tsara abin. Ba a cikin jaka a ke fara halittar 'ya'yan maraina ba. Can cikin cikin ɗan tayi su ke tsirowa, kusa da ƙoda, sa'an nan su kama hanya zuwa ƙasa. Tafiyar kuwa zango biyu ce. Tsakanin mako na 8 da na 15 na ciki su kan gangaro su tsaya a bakin matsematsi. Nan za su zauna har wajen mako na 25, kana su bi wata 'yar siririyar hanya su faɗa cikin jaka, galibi kafin mako na 35. Ba kuwa da ka su ke tafiyar nan ba. Akwai waɗansu ruwaye da jikin yaron ya ke yi da kansa, likitoci suna ce da su homon. Aikinsu kamar na 'yan aike ne, jini ya ɗauke su su kai umurni ga gaɓoɓi. Wani ɗan aike ne ke kula da zangon farko, zango na biyu kuwa yana hannun homon na mazakuta, wanda a ke kira testostaron. To, in ɗan aike ya makara, ko aka tare shi a hanya, ko wani baƙo ya sa rigarsa ya kai saƙon ƙarya, sai tafiya ta tsaya inda ta ke.

Abin ba baƙo ba ne. Cikin yara maza 100 da aka haifa watanninsu sun cika, a kan sami kamar 3 da haka. Ga bakwaini kuwa ya kan kai har 30 cikin 100, don an haife su tafiyar ba ta ƙare ba. Yawanci su kan ƙarasa saukowa da kansu cikin wata uku na farko, har ya zamana sa'ad da aka shekara saura kamar yaro 1 cikin 100. Wanda bai sauko ba har wata shida, da wuya ya sauko don kansa.

Wata za ta ce, to mene ne a ciki, tun da yaro yana shan nono, yana dariya, ba ya kuka? Abin da ke ciki shi ne zafi. Jakar nan an rataye ta a waje ne don ta fi cikin jiki sanyi da digiri 2 ko 3, irin da a ke haihuwa da shi kuwa ba ya jure zafin ciki. Ƙwayar da ta zauna a ciki shekara da shekaru sai ta riƙa lalacewa a hankali, ba ciwo, ba alama. In ɗaya ce kaɗai ta maƙale, mafi yawan masu ita su kan haihu kamar kowa. In biyun ne, haihuwa ta kan yi wuya ƙwarai. Kun kuwa san a ƙasarmu in aure ya shekara biyar shiru, wa a ke kallo. Matar ce za ta sha jiƙe-jiƙe, ta sha gori, a yi mata kishiya, ita ma kishiyar a yi shiru, alhali kuwa mai yiwuwa abin ya samo asali ne tun mijin yana cikin zanen goyo. Ban da wannan, ƙwayar da ba ta sauko ba ta fi saurin kamuwa da ciwon daji in yaro ya girma, ta kan zo tare da ƙaba, kuma ta kan murɗe jini ya daina kai mata.

Sanadin da likitoci suka tabbatar shi ne haihuwa kafin lokaci, da ƙarancin nauyi, da gado, watau in uba ko wa ya yi. An kuma ga abin ya ɗan fi yawa ga 'ya'yan matan da ke shan taba da ciki. To, ina maganin ƙwari ya shigo?

Labarin ya faro ne daga wani magani na asibiti, ba na gona ba. A 1938 wani masani a Landan, Charles Dodds, shi da abokan aikinsa suka haɗa wani magani mai aiki irin na homon na mata, a ke kiransa DES. Daga shekarun 1940 likitocin Amurka da na Turai suka shiga ba mata masu ciki, wai don ya hana ɓari. A 1953 aka ba da sakamakon wani gwaji da aka yi masa sosai a birnin Shikago, inda aka ba waɗansu mata, waɗansu aka ba su ƙwayar da ba kome cikinta, aka ga ba ya hana ɓarin. Duk da haka ba a daina ba. Sai a 1971, da likitoci a Boston suka ga wani irin ciwon daji na gaba da ba a saba gani ba ga 'yammata, aka bi diddigi aka tarar uwayensu sun sha DES suna da cikinsu, sa'an nan hukuma ta ce a bari. Kafin nan mata miliyoyi sun sha. Da aka koma kan 'ya'yansu maza, sai aka ga rashin saukowar 'ya'yan maraina ya kusa ninka na sauran yara, ya kuma fi tsanani ga waɗanda uwayensu suka fara sha kafin mako na 11. Uwayen nan ba su yi laifin kome ba, likita ya rubuta musu suka sha. Amma daga kansu duniya ta gane abin da ya yi kama da homon, in ya shiga jikin mai ciki, yana iya karkatar da halittar ɗan da ke cikinta, ita kuwa ba ta ji ko ciwon kai ba.

Daga nan masana suka ce, to ai ba DES kaɗai ke sa rigar ɗan aike ba. Waɗansu magungunan ƙwari na dā, irin su DDT, in sun shiga jiki ba su fita da wuri. Su kan laɓe cikin kitse shekara da shekaru, burbushinsu kuma yana tare hanyar homon na mazakuta. Haka kuma waɗansu sinadarai da a ke kira fitalet, waɗanda a ke sa wa roba don ta yi laushi, a kuma sa cikin turare da man shafawa don ƙamshi ya daɗe. Da aka ba ɓeraye masu ciki fitalet da yawa, sai 'ya'yansu maza suka fito da 'ya'yan maraina a maƙale. Masana a Edinbara ta ƙasar Sikotlan suka kuma nuna a 2008 cewa akwai 'yan kwanaki ƙididdigaggu da a ke aza harsashin mazakuta, in aka ɓata su ba a gyaruwa daga baya. Suka lissafa cewa ga ɗan Adam lokacin ya faɗo tsakanin mako na 8 da na 14. Ku duba wannan da kyau. Wata na biyu da na uku ke nan, lokacin da mace ba ta gaya wa kowa ba, in cikin fari ne ma ko uwarta ba ta sani ba, tana nan tana ta aikinta kamar kullum, tana shara, tana fesa ɗaki, tana wankin kayan gona.

Mutanen Danmak su suka fi kowa bin maganar, don ta fi damunsu. A 2004 aka ba da sakamakon wani bincike da aka yi a Kofanhagan ta Danmak da Turku ta Finlan, inda likitoci suka duba jarirai ta hanya iri ɗaya. A Danmak yara 9 cikin 100 aka samu da abin ran haihuwa, a Finlan kuwa bai kai 3 ba. Bayan wata uku ratar ta ragu, ta koma kamar 2 da 1, amma ba ta ɓace ba. Sai suka auna nonon uwaye, na masu yara 62 da abin ya shafa da na masu yara 68 lafiyayyu, suka ba da labari a 2006. Babu magani guda da za a nuna a ce shi ne, amma da aka haɗa guda 8 da suka fi yawa, sai aka ga sun ɗan fi taruwa a nonon uwayen yaran da abin ya shafa. Tun a 1998 ma an bi rajistar haihuwa ta ƙasar duka, aka ga 'ya'yan mata masu aikin lambu sun fi samun matsalar, amma ba a ga haka ga 'ya'yan maza masu lambu ba, watau ta jikin uwa abin ke bi. A 2008 kuma aka ba da labarin duba 'ya'yan mata masu aiki cikin ɗakunan gilashi da a ke renon furanni, inda feshi ba ya da hanyar fita, aka sami kamar 6 cikin 100 a wata uku. A lardin Giranada ta ƙasar Sifen ma, a 1996, an ga aikin saukar da 'ya'yan maraina ya fi yawa a gundumomin da aka fi feshi.

A nan sai in tsaya in ja kunne, kada wata ta karanta maganar nono ta ce za ta yaye ɗanta. An auna nono ne don shi ne ke nuna abin da ke cikin kitsen uwa tun tana da ciki. Tafiyar 'ya'yan maraina kuwa a cikin mahaifa a ke yinta, kafin yaro ya ɗanɗana nono. Su kansu masu binciken ba su ce a rage shayarwa ba. Ki ba ɗanki nono.

Kada kuma in bar ku da rabin labari. Ba duk bincike ne ya zo da amsa ɗaya ba. A Amurka an ajiye jinin mata da suka yi ciki tsakanin 1959 da 1966, zamanin da a ke watsa DDT kamar ruwa, aka auna shi aka ba da sakamako a 2002, ba a sami hujja bayyananna ba. A 2016 waɗansu masana suka tattara rahotanni fiye da 30 suka auna su gaba ɗaya, suka ce in akwai ƙarin haɗari to kaɗan ne, hujjar kuma ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Ɓerayen nan ma an ɗura musu abin da ya fi wanda mutum ke gamuwa da shi nesa ba kusa ba. Bambancin Danmak da Finlan kuma mai yiwuwa da hannun gado a ciki. Sabo da haka duk wanda ya ce miki feshin da kika yi ne ya jawo wa ɗanki, ya faɗi abin da likitocin duniya ba su iya faɗi ba, kada ki ɗauki laifin ki ɗora wa kanki. Ni dai abin da na gani shi ne, shari'ar ba ta ƙare ba, amma wanda a ke tuhuma guba ne ko da an wanke shi daga wannan laifin. Nisantarsa wata tara ba ya cin kuɗi, ba ya kuwa rage kome.

To, mu dawo gida. Iyayenmu sun san Gamalin 20, wanda har a ruwa a kan zuba don kama kifi. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, dangin DDT ne, irin masu daɗewa a jiki. Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniya a Sitokholm a 2001 don kawar da irin waɗannan, aka sa lindan cikin jerin a 2009. In kin ga tsohuwar kwalba irin wannan a rumbu ko bayan ɗaki, ba abin ajiya ba ce. Fiya-fiya kuwa wani dangi ne dabam, ba ya daɗewa a jiki kamar su, ba a kuma kama shi da wannan laifin ba, amma guba ne mai kisa nan take. Sabo da shi Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Abin da Bature ya ƙi ci, mu ne a ke auna wa a mudu. In wake ko masara na warin magani, ki bar wa mai shi kayansa. In naku ne na gida za a ajiye, akwai buhun PICS mai riɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashenmu daga 2007. Ba a sa masa magani, iska ce ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu. Kakanninmu ma da toka da yashi su ke ajiyar wake.

Mace ba ta cika saɓa injin feshi ba, amma guba ta kan biyo ta har ɗaki. Maigida ya dawo daga gona rigarsa jiƙe da magani, wa zai wanke? Ina a ke jingine injin? Galan ɗin da maganin ya ƙare, sau nawa kuka ga an ɗauraye shi an mai da shi na ruwa, ko na man gyaɗa? Mai ciki, ko mai sa ran ciki, kada ta dama maganin feshi, kada ta wanke kayan feshi, kada ta shiga gona ko lambu ran da aka fesa. In kunya ta hana ki faɗin dalili, ki ce warin ne ke tayar miki da zuciya, ba ki yi ƙarya ba. Kayan miya da ganye a wanke su da ruwa mai yawa. Game da roba, zafi da maiƙo su ke jawo abin da ke cikinta zuwa abinci, don haka koko mai tururi da miya sun fi dacewa da kwano ko ƙwarya, alale kuma da ganye. Kada a hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba, kina tsugune kina shaƙa. Turare kuwa ba zan ce ku bari ba, na san ba za a ji ni ba, amma mai ƙaramin ciki ta rage na fesawa.

Abu guda ne ban yarda a bari ba, gidan sauro. Wata za ta ce ai shi ma da magani a jikinsa. I, amma zazzaɓin cizon sauro ga mai ciki yana jawo haihuwar bakwaini da ƙaramin jariri, waɗannan kuwa su ne manyan sanadin da ba a gardama a kansu. Wadda ta yar da gidan sauro don tsoron sinadari ta gudu daga zargi ta faɗa cikin tabbas.

Saura abin da ke hannunki bayan an sauka lafiya. Ki duba ɗanki. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan wanka da ruwan ɗumi, hannunki da ɗumi, yaro yana kwance ba ya kuka. Ki taɓa jakar a hankali, ya kamata ki ji ƙwaya biyu, ɗaya dama ɗaya hagun, kowacce kamar ƙwayar gyaɗa. In gefe ɗaya ya shafe, ya fi ɗaya ƙanƙanta, ba ki ji kome ciki ba, ki sake dubawa wata rana. Akwai yaran da ƙwayar ta kan gudu sama in sun ji sanyi ko tsoro, ta dawo in sun ji ɗumi. Wannan ba ita ce matsalar ba, ko da ya ke yana da kyau a riƙa dubawa kowace shekara, don wani lokaci ta kan hau ta ƙi dawowa sa'ad da yaro ke tsawo. In kuwa tun ran haihuwa ba a ji ko ɗaya ba, dama da hagun, kada a jira suna, a gaya wa likita cikin kwanakin nan, don ya kan zama alamar wani ciwo na homon mai son gaggawa.

Kada a ja, kada a matsa, kada a gasa da ruwan zafi, kada kuma a bar wa wanzami. Ba jiƙon da ke saukar da ita. Maganinta ɗan aiki ne a asibiti, likita ya kwance ta ya sauko da ita ya ɗinke ta cikin jaka, sau da yawa a sallami yaro ran nan ko kashegari. Likitoci sun fi son a yi shi tsakanin wata 6 da wata 18. Na san yadda zuciyar uwa ke yi in an ce za a sa wa jinjiri wuƙa, na kuma san kaka za ta ce a bari ya yi wayo. Amma kowace shekara aka ƙara, ƙwayar tana ƙara cin zafi. A ƙasar Suwidin an bi mutum kusan 17,000 da aka yi wa aikin, aka ba da sakamako a 2007. Waɗanda aka yi wa kafin shekara 13, haɗarin ciwon dajinsu ya ninka na sauran maza kamar sau 2. Waɗanda aka yi wa bayan nan, fiye da sau 5. Ciwon ba mai yawa ba ne ko da an ninka, amma kun ga abin da jinkiri ke yi. Wadda ɗanta ya riga ya yi shekara biyar ko goma, ita ma ta kai shi, ba a makara ba. In kuma yaro mai wannan matsala ya tashi da kuka farat ɗaya, matsematsinsa ya kumbura, ba ya son a taɓa, ko yana amai, to ko tsakar dare ne a tafi asibiti, don ƙwayar da ta murɗe sa'o'i kaɗan gare ta.

Ba sai kin yi tafiya ta musamman don a duba ba. Kina kai shi allurar rigakafi a mako na 6, da na 10, da na 14, da kuma wata 9. Layi ya kan yi tsawo, ma'aikaciya tana sauri, ba lalle ta kwance masa zane ba in ba ki ce ba. In nauyin baki ya kama ki, ki ce mata kawai, "Malama, duba mini gabansa, ina ganin gefe ɗaya ba kome." Ta san abin da ki ke nufi. In ta ga haka ne, ki roƙi ta rubuta a katinsa, ta kuma ba ku takarda zuwa babban asibiti inda a ke yi wa yara aiki, ki nuna wa maigida takardar tun yaro bai cika wata shida ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.